Yadda Muka Kai Goggo Marvella Bakin Teku

Goggo Marvella yayar mahaifina ce, ita ta raine ni. Ina da shekara bakwai motar katako ta kife da mahaifina a kan hanyar masana'antar takarda, a garinmu da ke kudancin Arkansas. Bayan an binne shi da wata uku, mahaifiyata ta tafi Chicago neman aiki, ta ce da zarar ta samu ɗaki za ta aiko a kai ni. Ɗakin ta samu, ta kuma samu miji, amma aiken bai zo ba. Goggo ba ta taɓa zaginta a gabana ba. Ta dai ja gadon ƙarfe zuwa ɗakin da take ɗinki, ta ce, "Darnell, nan ne naka, kada in ga takalmi a kan zanin gado."

Shekara ashirin da tara ta yi tana girki a makarantar firamaren garinmu. Duk wanda ya yi karatu a garin nan ya ci burodin masararta da waken da take dafawa da ƙashin alade. Ta san yaron da ya zo bai karya ba, tun daga yadda yake riƙe faranti. Irin wannan yaron sai ta harare shi ta ce, "Kai, zo ka ɗanɗana min wannan, ina jin gishiri bai ji ba," ta cika masa. Ba ta yi aure ba. Na ji a bakin tsofaffin coci cewa an yi wani Lucius da ya tafi aikin ƙera jiragen ruwa a Mobile, ya yi ta aiko mata da wasiƙa ta biyo shi. A lokacin kakata tana kwance ba lafiya, da kakata ta rasu kuma sai ga ni. Lucius ya gaji da jira. Ban da zuwa jana'iza sau biyu a Memphis, Goggo ba ta taɓa kwana a wajen jiharmu ba.

Shekarar da ta cika saba'in, abokina Cleavon Burks ya bar aikin gidan waya, ya sayi tsohuwar mota mai ɗaki. Doguwa ce kamar bas, da gadaje, da murhu, da firji, da ɗan banɗakin da mutum ba ya iya juyawa a ciki. Ya sa mata suna Giwa. Tun muna aji uku nake tare da Cleavon, kuma tun lokacin shi ke kawo shawara ni in bi. Ya shimfiɗa taswira a teburin gidana ya ce kwana goma sha biyu za mu yi: mu ƙetara Mississippi, mu gangara Alabama har bakin teku, mu dawo ta Louisiana. Shi, da ni, da matata Renita, da 'yan biyunmu mata, Tamsin da Joelle, masu shekara tara.

Matsala biyu ce ta taso. Mahaifin Cleavon, Baba Hosea, yana da shekara tamanin da huɗu, ga ciwon suga, ga ruɗewar tsufa ta fara kama shi, kuma tun rabuwar Cleavon da matarsa babu wanda zai bar wa shi. Sannan Renita ta ce, "Ni fa hutu na ɗauka. Idan tsayuwa gaban murhu zan je yi a cikin akwatin gwangwani, gara in zauna a gidana inda akwai fanka."

Ni ne na ce, "Mu tafi da Goggo mana. Ita ai girki ba ya gajiyar da ita, kuma ta iya lallashin tsofaffi."

Renita ta dube ni ta ce, "To ka faɗa mata gaskiyar abin da za ta je yi."

"Haba, sai ka ce baƙuwa? Goggo ce fa."

Washegari na je gidanta na ce mata kyautar cika shekara saba'in ce, za mu kai ta ta ga teku. Tana tsinke ganye a baranda. Ta ajiye kwanon, ta goge hannu a jikin zaninta, ta ce, "Ni? Tekun gaske?" Na ce tekun gaske. Ta yi dariya har da dafe baki kamar yarinya. Da na tashi tafiya sai na juyo na ce, kamar yanzu abin ya faɗo min, "Af, Goggo, ki taho da babbar tukunyar ƙarfen nan taki, ta motar ba ta da kirki."

Ranar Lahadi Fasto ya sanar a coci cewa 'yar'uwa Marvella za ta yi tafiya, aka yi mata tafi. Ta je kanti ta sayi riga rawaya mai furanni, da malafa, da takalmin roba na shiga ruwa. Sai da ta gwada min su duka.

Muka tashi da sanyin safiya a farkon watan Yuni. Ni da Cleavon a gaba muna karɓar tuƙi, Renita da yara a doguwar kujera, Goggo da Baba Hosea a teburin baya, kusa da murhu. Ba wanda ya ce mata nan ne wurinta. Baba Hosea ne ya kama hannunta tun kafin mu fita gari, ya ce, "Ozella, kin kulle ƙofar baya?" Ozella matarsa ce da ta rasu shekara goma sha ɗaya da suka wuce. Goggo ta ce, "Na kulle, Hosea, kwantar da hankalinka." Cleavon ya kalle ni ta gefen ido, ya ɗaga min babban yatsa.

A Vicksburg muka fara tsayawa. Za mu je kallon kogi da tsofaffin igwogin yaƙi, sai Baba Hosea ya ce ƙafarsa ba za ta taka ƙasa ba. Goggo da kanta ta ce, "Ku je, ni zan zauna da shi. Igwa ai ba abin kallo ba ce." Muka dawo muka tarar da soyayyar tarwada da burodin masara da shayi mai ƙanƙara. Cleavon ya ci har ya kwance bel, ya ce, "Goggo, da na girme ki da shekara goma, da yau na kai kuɗin aurenki."

"Da ka girme ni da shekara goma, da yanzu kana can kana neman haƙoranka," in ji ta. Muka yi ta dariya.

A Natchez ba mu ma tambaye ta ba. Muka sa takalma muka fice, Renita ce kawai ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Goggo, ko in zauna ke ki je?" Kafin Goggo ta amsa na ce, "Ke taho, Baba Hosea ba ya yarda da kowa sai ita." Gaskiya na faɗa, amma ba don gaskiyar na faɗa ba. Haka muka wuce Hattiesburg, muka shiga Alabama. Mu ne gidan tarihi, mu ne kasuwar kankana, mu ne hoto a gaban kowace alamar shiga gari. Ita tana cikin Giwa da zafin murhu, tana auna jinin tsoho, tana yi masa allura, tana canza masa wando idan ya yi kuskure, tana wanke kwanuka a wani ɗan mitsitsin wurin wanki da tukunyarta ba ta shiga. Duk yamma na kan sayo mata wani abu, ko alewar gyaɗa ko katin hoton garin, in miƙa mata in ji na sauke nauyi.

Rana ta bakwai muka isa gaɓar teku a Alabama. Filin ajiye motocin da muka samu yana cikin itatuwa, mil biyu daga ruwa. Ana jin gishiri a iska amma ba a ganin komai. Kwana uku za mu yi. Ranar farko ruwan sama ya wuni yana zuba, muka zauna a ciki muna karta.

Rana ta biyu gari ya waye tas. Na fito daga banɗaki na ga Goggo a zaune bakin gado cikin rigar rawaya, malafa a cinya, takalmin roba a ƙafa. Ta riga ta soya ƙwai ta dama tsakin masara ta rufe mana. Sai Baba Hosea ya tashi yana rawar jiki, yana zufa, sugansa ya faɗi. Ta ba shi ruwan lemo, ya dawo daidai, amma ya riƙe gefen rigarta ya ƙi saki.

Cleavon ya ja ni waje. Ya ce, "Mutumina, jirgin ruwan da zai kai mu kamun kifi ƙarfe tara zai tashi, kuma mutum biyar na yi wa rajista."

"Biyar? Mu fa bakwai ne."

"To tsoho zai hau jirgi ne? In tsoho bai hau ba, wa zai zauna da shi? Kai ma ka sani."

Na sani. Abin da ya kamata in ce shi ne, mahaifinka ne, kai ka zauna. Ko kuwa in ce ni zan zauna. Amma tun ina yaro nake mafarkin kama babban kifin teku. Na koma ciki na durƙusa gaban Goggo na ce, "Goggo, gobe ranarki ce. Ni da kaina zan zauna da Baba, Renita ta kai ki, ki wuni a ruwa."

Ta dube ni, ta dubi malafar, ta ce, "To, Darnell. Ku kula da yaran nan, kada su leƙa da yawa."

Na kama kifi huɗu a ranar. Da muka dawo ta canza zuwa tsohuwar rigarta ta aiki, ita ta kankare su ta soya.

Da safiyar rana ta uku mai filin ya bi motoci yana ƙwanƙwasawa. Guguwar da aka ce za ta nufi Texas ta juyo, ana so kowa ya bar gaɓar kafin azahar. Muka naɗe komai a gurguje. Ni ke tuƙi. Da muka zo mararraba, hanyar hagu ta bi bakin ruwa, ta dama ta nufi babban titi. Renita ta ce, "Bi hagu, ko daga taga ne ta gani." Cleavon ya ce, "Ka ga layin motocin can? Awa guda za mu yi a ciki. Ai za mu hau gadar Mobile, ruwa ne dama da hagu." Na bi dama.

Da muka hau gadar yara suka hau ihu, "Goggo, ga ruwa! Goggo, fito!" Tana cikin banɗaki da Baba Hosea, girgizar mota ta tayar masa da ciki. Muna jin muryarta tana cewa, "Riƙe nan, Hosea, saura kaɗan." Ba wurin tsayawa a kan gadar, motoci gaba da baya. Lokacin da ta fito da tawul a hannu mun shiga ramin da ya bi ta ƙarƙashin kogi, da muka fito kuma sai gine-gine. Ta leƙa taga ta ce, "Nan ne Mobile?" Na ce nan ne. Ta daɗe tana kallon garin.

Washegari muna cin abincin rana a wani wurin hutawa a Louisiana, ƙarƙashin wata babbar bishiya. Goggo tana zuba wa kowa miyar kuɓewa da jatan lande a kan shinkafa. Joelle ta ce, "Goggo, ke kaɗai ce ba ki ga teku ba."

"Wata rana na gani, 'yar nan. Ci abincinki."

Sai Tamsin ta ce, da zuciya ɗaya, "Ai dama ba kallo aka kawo Goggo ba. Mama ce ta ce ba za ta yi girki ba, shi ya sa aka ce a taho da ita."

Ludayin ya tsaya a hannun Goggo. Ta dubi Renita. Renita ta dube ni, tana jira in buɗe baki. Ni kuwa na sunkuyar da kai ina juya shinkafa. Cleavon ya yi wata dariyar yaƙe ya ce, "Yara ke nan, sai su ji rabin magana." Ba wanda ya taya shi.

Goggo ta gama zuba wa Baba Hosea, ta yanka masa jatan landen ƙanana, ta jira kowa ya ƙoshi. Ta wanke tukunyarta a famfon wurin, ta goge ta da mai kamar yadda ta saba, ta naɗe ta a jarida. Da muka hau hanya ta matso bayan kujerata ta ce, "Darnell, gari na gaba akwai tashar bas?"

"Akwai, Goggo, amma me za ki yi da ita?"

"Nan za ka sauke ni."

Na roƙe ta tun daga nan har Alexandria, garin da ke gabanmu. Na ce saura kwana biyu kacal. Na ce me zan faɗa wa mutanen coci. A bakin tashar na riƙe jakarta na ƙi saki, ta ce, "Sakar min kayana, kada ka tara mana jama'a. Ban yi fushi ba. Na gaji ne, kuma ina so in zauna a kujerar da ba wanda zai kira ni." Ta miƙa wa Cleavon wata takarda da ta rubuta lokutan allura da abin da tsoho zai ci da wanda ba zai ci ba. Ta ce masa, "Yana tsoron ruwan wanka idan ya zubo masa daga sama. Da kofi za ka zuba. Ubanka ne, Cleavon, ka koya." Ta sumbaci yara. Ta ce wa Renita, "Sai kun iso," ba ta kalle ta ba. Ta hau bas da jaka a hannu ɗaya, tukunya a ɗayan.

Kwana biyun nan da suka rage sun nuna mana abin da take yi. Baba Hosea ya yi ta neman Ozella, ya yi kuka, ya ture faranti, ya kai wa Cleavon naushi a banɗaki. Mu uku manya muka kasa abin da mace mai shekara saba'in ta yi ita kaɗai kwana goma, tana kuma ciyar da mu sau uku a rana. Cleavon ya fito daga banɗakin jiƙe sharkaf, ya zauna a matakalar mota, ya ce, "Darnell, mu fa ba mutanen kirki ba ne." Ban musa ba.

A coci Goggo ta ce tafiya ta yi kyau, Alabama akwai itatuwa. Ba ta faɗa wa kowa komai ba. Ni ta ci gaba da karɓata kamar da, tana ajiye min abinci ranar Lahadi. Renita ce ta ga canji. Gaisuwa ta koma a taƙaice, in ta kawo kek sai a ce an gode a ajiye shi gefe. Na ce wa Goggo mu koma, ni da ita kawai, a motata. Ta ce, "A'a. Kai kake bukatar tafiyar nan, ba ni ba." Baba Hosea ya rasu a watan Janairu, ita ta jagoranci girkin zaman makoki. Cleavon ya sayar da Giwa bayan haka. Da bazara matan coci suka ɗauki hayar bas zuwa Biloxi da ke bakin teku, ta bi su. Da ta dawo na tambaye ta yaya teku, ta ce, "Yana da girma. Yana kuma ƙarni. Na shiga har gwiwa, wani abu ya taɓa min ƙafa, na fito."

Shekara biyu Renita tana ɗauke da laifina. Wata Lahadi muna dawowa daga gidan Goggo ta sa na tsayar da mota a gefen hanya, ta ce, "Matar nan ita ta riƙe min hannu ranar da na haifi yaran nan. Yanzu kallon baƙuwa take yi min saboda kai. Ko ka koma ka faɗa mata, ko ni in daina zuwa." Na juya mota.

Na same ta tana share baranda. Na faɗa mata duka: cewa shawarar tawa ce, cewa Renita ta ce in gaya mata gaskiya na ƙi, cewa Renita ce ta ce in bi hanyar bakin ruwa. Ta jingina da tsintsiyar tana saurare. Na zaci za ta yi faɗa, na ma so ta yi.

Ta ce, "Da na ɗauka ita ce, abin bai yi min ciwo sosai ba. Ita ba ni na raine ta ba."

Na ce, "Goggo, ki yafe min."

"Da ka ce min, Goggo zo ki taimake mu da tsoho, da na zo. Ka san da na zo. Sai dai da ban sayi riga ba." Ta ci gaba da shara, ta share har ƙarƙashin ƙafata, sai da na matsa. Sannan ta ce, "Tana mota? Je ka ce ta shigo. Kai ka jira a waje."

Na kusa awa ɗaya a cikin mota. Da Renita ta fito idonta ya yi ja, tana riƙe da kwanon dankali mai zaƙi. Ban tambaye ta abin da suka ce ba, ita ma ba ta faɗa ba.

Yanzu Goggo tana da shekara tamanin. Bara ta faɗi a matakala ƙugunta ya karye, muka dawo da ita gidanmu, ɗakin da 'yan biyu suka bari da suka tafi jami'a. Ita da Renita suna zama su kalli wasan tambayoyi a talabijin suna yi wa masu amsa tsiya. Ni ke yi mata girkin rana tunda na bar aiki. Jiya na kai mata wake, ta ɗanɗana, ta ce wanda ya koya min dafa wake ya cuce ni. Na ce ai ita ce. Ta ce to ban saurara ba, in je in ƙara masa wuta.